Layin da Ya Haɗiye Gidan Baba Tanko

Jiya da hantsi na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin da aka kawo mana ɗakin zane, tana ce wa ƙawarta wai wannan aiki ko da ido ɗaya an yi shi, tunda shimfiɗa ƙyalle ne a kan tsohuwar taswira a bi layi. Ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da na fara. Ban tsufa ba, furfura ko ɗaya ba ni da ita, amma a ɗakin nan ni ce tsohuwa, damina goma sha ɗaya ta same ni a bakin wannan tebur. Ku ajiye alƙalumanku ku saurara, in na gama kwa koma ku bi layinku.

Aikin farko da Malam Sambo ya ba ni wanki ne. Shi ne babban mai zane a ofishin safiyo a lokacin, Turawa na nan da ƙarfinsu, kuma abokin mahaifina ne tun suna makarantar allo. Ya ga rubutuna a littafin makaranta, ya ce hannun yarinyar nan bai kamata ya ƙare a muciya kaɗai ba. An sha kai-kawo a gida kafin a yarda. Daga baya aka ce in je, amma a ba ni ɗakin baya ni kaɗai, mai ƙofa ta daban, da 'yar taga tsakanina da maza. Na zo ran nan da sabon mayafi, ina tsammanin za a miƙo mini Zariya gaba ɗaya in zana. Sai ya turo mini alƙaluma shida ta taga, da ɗan tsumma.

Ya ce, "Dije, wanke waɗannan. Alƙalamin da ya kwana da tawada a baki, gobe ƙarya zai yi."

Mako guda ina wanki.

Alƙalamin kun san shi, baki biyu na ƙarfe kamar na ɗan tsuntsu, da ɗan noti a gefe. Ba a tsoma shi a tawada, ɗiga masa ake yi da gashin zabo tsakanin leɓɓan nan biyu. In kin murɗa notin ya matse, layi ya fito siriri kamar silin gashi. In kin sassauta, ya fito da kauri. Kwana arba'in Malam Sambo ya sa ni ina jan layi a bayan tsofaffin takardu, ba gida, ba hanya, ba rafi, layi kawai daga hagu zuwa dama. Yakan ɗaga takardar a hasken taga ya ce, "Nan kin yi numfashi. Nan kuma kin tuna wani abu." Gaskiyarsa kuwa, don ni mutum ce mai tafiya a zaune. Ina jan layi sai in ga ya zama hanyar fatake, in bi shi har in fara jin kukan jakai, kafin in dawo hannu ya karkace.

Shi kuma ƙyallen zane, lilin ne da aka ɗirka wa sitaci har ya yi shara-shara, ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. Sai an barbaɗa masa garin alli an goge kafin ya karɓi tawada, kuma ɗigon gumi ɗaya ya isa ya kumbura shi ya lalata aikin kwana uku. Wanda ya lalace ba a yar da shi. In an wanke sitacin, farin ƙyalle ne mai laushi, innata takan kalmashe bakinsa ta ɗinke ya zama hankici. A shekarata ta farko duk gidanmu ba wanda ba shi da hankici, har maƙwabta sun samu.

In zane ya kammala sai a yi masa 'ya'ya. A ɗora shi a kan takarda mai magani, a danne da gilashi, a fitar rana. Bayan ɗan lokaci a tsoma takardar a ruwa, sai ta rine ta yi shuɗi kamar an tsamo ta daga marina, layukan su fito farare. Har yau ban daina jin daɗin kallon wannan ba, gari guda yana tasowa daga cikin ruwa, unguwa bayan unguwa. Sai dai rana takan ƙara wa layi ƙiba, kamar yadda kaka take yi wa awaki.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Malamin duba-gari yana so a nuna masa rijiyoyi da kududdufai. Masu rigimar fili su zo su biyu, kowa ya dangwala yatsa a gilashi ya ce nan kakansa ya kafa turke, su tafi su bar mini shatin man gyaɗa in goge. Wani dattijo daga Tudun Jukun ya taɓa zuwa ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba, so yake kawai ya ga gidansa a takarda. Da aka nuna masa ya ga bai fi ƙwayar dawa ba, sai ya ce, "Ashe duk wahalar nan a kan wannan na sha ta."

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta gara. Damina ta yi nauyi, kabad ɗin taswirori yana jingine da bangon ƙasa, wata biyu ba wanda ya matsar da shi. Ranar da aka buɗe, gara ta cinye taswirar Gyallesu tas, ta ci rabin Hanwa ta bar mana bakin rafi. Malam Sambo ya zauna a ƙasa ya cire hula. Wata bakwai muka yi muna sake tayar da su daga littattafan 'yan awo, wato masu fita da sarƙa suna auna ƙasa, lamba bayan lamba, ba hutun Asabar. Idona ya yi ja, yatsana ya yi kanta. Amma a shekarar na koyi karanta littafin awo da rubuta shi, abin da ba a saba koya wa mai kwafi ba. Tun daga nan ƙafafun kabad suke zaune cikin gwangwanayen kananzir, in kuna mamakin warin.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa sosai ya zo ne shekarar da aka ce za a fara zaɓe. Baturen da ke kula da mu, wanda muke kira Mai Lofe don ba a ganin bakinsa ba lofen shan taba, ya shigo da taswirar Tudun Wada a naɗe a hammata, ya ce za a raba garin mazaɓa-mazaɓa. Kalmar baƙuwa ce a kunnen kowa. A kasuwa wasu suka ce tsohon haraji ne aka sake wa suna, wasu suka ce tashin mutane za a yi a kai su wani wuri. Da Baturen ya fita na leƙa ta taga na tambayi Malam Sambo.

Ya ce, "Lardi kin san na Razdan ne. Gunduma ta hakimi ce. Unguwa ta mai unguwa. Kowacce da mai ita a sama, shi ake zuwa a gaisar. To, mazaɓa ba ta da mai ita a sama. Mutanen da ke cikinta su ne ita. Za a rubuta sunayensu a littafi guda, ranar zaɓe su taru su tsayar da mutum ɗaya a cikinsu, ya je majalisar gari ya yi magana da bakinsu. Akwai ƙarama akwai babba, kamar jeren ƙore, wata cikin wata. Waɗanda ƙananan suka tsayar su ne za su haɗu a babbar su fitar da mai tafiya Kaduna. Mu dai ƙananan aka ba mu."

"To, Malam, ƙasar ce mazaɓa ko mutanen?"

"Mutanen. Layin da za ki ja, don a san wa da wa ne kawai."

"Ni a wacce nake?"

"Maza masu takardar haraji aka ce." Ya gyara zaman tabarau. "Ke dai zana."

Na zana. Yawancin mazaɓun iyakar unguwanni suka bi, ba su ba ni wahala ba. Unguwa ɗaya ce ta yi yawan jama'a, aka ce a tsaga ta biyu, gabas da yamma. Mai Lofe ya ɗauki jan fensir ya bi wani tsohon lambatu, magudanar ruwan sama da ta ratsa unguwar daga arewa zuwa kudu, ya ce in yi layin da kauri don malaman rajista su gan shi ba sai sun matse ido ba. Na sassauta noti. Ran nan hannuna da daɗi, tawada na gudu sumul, ina kallon layin yana gangarawa kamar rafi bayan ruwan farko, ban tsaya na duba abin da rafin ke bi ta kansa ba. Aka buga a rana, rana ta yi nata ƙarin. Aka ba malamin gabas takardarsa, aka ba na yamma tasa, aka ce kowa ya rubuta mazan gidajen da ke gefensa.

Saura kwana biyu a rufe littafi sai ga wani dattijo ya yi sallama a ofis, gajere, yatsunsa sun rine da jan rinin fata. Sunansa Tanko Baduku, ɗinkin jaka da takalmi yake yi. Ina jin su ta taga.

"Malam, zuwa na yi a gaya mini ko na mutu ne ban sani ba."

"Subhanallahi! Baba, wace irin magana ce wannan da farar safiya?"

"To, ai abin ne. Malamin gabas ya zo ya rubuta maƙwabcina na dama, ya tsallake ƙofata. Na ce ni fa? Ya ce kai na yamma ne. Malamin yamma ya zo, ya zauna a zaurena, ya sha ruwan randata, ya yi hamdala, ya ce kai na gabas ne. Mai karɓar haraji kuwa, tun da nake bai taɓa ɓatan hanyar gidana ba."

Malam Sambo ya danne dariya. "Sai haƙuri, Baba."

"Haƙurin ne ya kawo ni nan maimakon gidan alƙali. Abokaina yanzu jemage suke ce mini, wai ba ni cikin tsuntsaye ba ni cikin dabbobi. Wannan duk mai sauƙi ne. Abokina Iro tela ya tsaya takara a gabas. Tare aka yi mana kaciya da shi. Na dafa kafaɗarsa na ce, Iro, ranar nan in ka waiwaya za ka gan ni a bayanka. Yanzu in ya waiwaya ya ga wa?"

A lokacin ba a zo da akwatin ƙuri'a ba tukuna. A bayan ɗan takara ake yin layi a ƙirga kawuna, wanda kuwa ba sunansa a littafi, ɗan doka zai jawo shi daga layi a gaban jama'a.

Aka shimfiɗa shuɗiyar taswira, aka bi gidaje ɗaya-ɗaya da tsinke. Ga na maƙwabcin dama, ga na hagu, na Baba Tanko babu. Na ɗauko tsohuwar taswirar, na ɗora ƙyallena a kai, na ɗaga su tare a haske. Ga gidan nan, ɗan mitsitsi, kwance daram a ƙarƙashin layina.

Na miƙa ta taga na ce, "Malam, ni ce."

Ya duba ya daɗe. "Dije, kin haɗiye gidan mutum da matarsa da awakinsa."

Baba Tanko ya karkato kai wajen tagar. "Au, mace ce ta cinye ni? To, alhamdu lillahi, da na ɗauka Bature ne. 'Yata, amayo ni, Allah ya yi miki albarka."

Da aka kai wa Mai Lofe maganar ya ce abin ba wuya. Doka ta ce inda mutum yake kwana nan ne mazaɓarsa, a je a duba ko ɗakinsa gabas yake da lambatun ko yamma. Sai dai lambatun ta ƙarƙashin katangar gidan yake shiga ya fita ta baya, abin da ke tsakani kuwa ba wanda ya sani. 'Yan awo katanga suke aunawa daga waje, ba su taɓa wuce zauren kowa ba. Baba Tanko kuma ya ce ko gwamna za a zaɓa, gardi ba zai shiga masa gida da sarƙa ba. Sai na ga Malam Sambo ya juyo a hankali yana kallon tagata.

Ran nan na fara fita awo. Bayan la'asar na yafa mayafi, na ɗauki tef da littafi, na bi bayan Baba Tanko har gida. Shi ya tsaya a zaure, ni na wuce. Matarsa, Inna Kande, tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, doguwa ce, ta fi shi da kai guda.

"Ke ce mai layin?"

"Ni ce, Inna."

"Mako biyu ke nan ba a maganar kowa a gidan nan sai ke. Ashe ma 'yar ficiciya ce. Zauna ki sha ruwa tukuna, layi ba ya gudu."

Ita ta riƙe mini bakin tef. Ja take yi kamar igiyar guga, in na ce ta tsaya a kusurwa sai ta ce kaza na kwanci a kusurwar, mu auna daga turmi. Da lallami muka gama. Lambatun ya ratsa tsakar gidan, an rufe shi da itace da ƙasa, akuya na ɗaure a kansa tana tuƙa abinta. Zaure da rumfar da Baba ke ɗinki suna gabas. Ɗakin kwana yana yamma, da taku huɗu. Na sake aunawa ko tef zai ji tausayi. Taku huɗu.

Inna ta karanta a fuskata.

"Yamma ko?"

"Yamma, Inna."

"Mutanen yamma ba su da laifi, muna gaisawa. Amma ma'aikata ne yawancinsu, yau a kawo su gobe a ɗauke su. Maigidan nan ko sunan 'ya'yansu bai sani ba, wa zai tsaya wa a cikinsu?" Ta rage murya. "Ko mu ja gadon zuwa zaure, ki rubuta nan kika gan shi?"

"Inna, in na rubuta abin da ban gani ba, gobe ba mai yarda da abin da na gani."

"To, Allah ya kyauta. Ke ma irinsa ce, taurin kai."

Ina naɗe tef aka kira magariba, ta ce ba inda za ni sai na yi salla. Da muka idar ta kwashe tuwo a akushi, ta zuba miya a kwano, ta rufe da faifai. Baba ya yi gyaran murya daga zaure, ya shigo ya ɗauka da kansa, don 'ya'yansu duk sun yi gidajensu.

Na ce, "Ina za a kai, Inna?"

"Ciyayya mana. Ƙofar Iro tela. Kowane gida ya fito da nasa a haɗa a ci. Tun ina amarya akushin nan can yake zuwa, ko an sake shi shi kaɗai ya san hanya."

"Maƙwabcinku na hagu fa?"

"Su gindin durumi suke kai nasu, can yamma."

Na buɗe sabon shafi. Na zana gidajen da ke bakin lambatun, na ce Inna ta gaya mini inda akushin kowane gida yake zuwa, ni kuma ina sa 'yar kibiya. Ba gidan da ba ta sani ba, har wanda miyarsa kullum ba gishiri. Da na gama na duba. Kiban sun rabu biyu kamar tsagar kitso, rabi gabas rabi yamma, tsagar kuma tana bin lambatun sak. A gidan Baba Tanko kaɗai ta kauce, ta bar shi tare da mutanen gabas.

Ban taɓa magana da Mai Lofe ba sai washegari. Malam Sambo ya tsaya a gefena, na ajiye shafi biyu a teburinsa. Ya duba na farko, ya ce da Hausarsa ta littafi, "Ɗaki yana yamma. Magana ta ƙare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai na biyu."

"Mene ne waɗannan kibau?"

"Tuwo ne."

Ya cire lofe daga bakinsa. Malam Sambo ya gaya mini daga baya, shekara shida suna tare bai taɓa ganin haka ba.

Na yi masa bayanin ciyayya. Na ce an gaya mini mazaɓa mutane ne da suka san juna har za su iya tsayar da ɗaya daga cikinsu. To, mai barci bai san kowa ba. A garin nan a bakin akushi ake sanin mutum, wa ke da haƙuri, wa ke da haɗama, wa ke ture wa ɗan'uwansa tsoka yana yi kamar bai gan ta ba.

Ya ce, "Kowace rana yana zuwa?"

Malam Sambo ya ce, "Kullum, ranka ya daɗe. A al'adarmu, ranar da ba shi da lafiya su za su kwaso nasu su zo zaurensa."

Baturen ya ƙwanƙwasa lofe a tafin hannu. Can ya ce doka ba tasa ba ce, ba zai taɓa ta ba, mutum inda yake kwana nan za a rubuta shi. Sai ya jawo jan fensir ya ce, "Amma layi nawa ne." Ya zagaye gidan ta yamma, ɗaki da turmi da akuya duk suka faɗo gabas. Ya mayar da lofensa, ya ce nan gaba in riƙa matse alƙalamina.

Kankare tawada daga ƙyalle shi ne aikin da ya fi kowanne cin rai. A kwance ake riƙe reza, ana shafawa ba a yanka, in kin matsa ƙyallen ya huje. Tun hantsi nake kankara har aka kira azahar, sannan wurin ya yi fari. Na mayar da gidan a mazauninsa, da ɗigon zaurensa. Na murɗa noti har ya ƙi murɗuwa, na ja sabon layi siriri, na lanƙwasa shi ya rungume gidan. Washegari, ranar rufe littafi, gari ya tashi da hadari. Muka fitar da gilashi muna kallon sama kamar manoma, sai dai mu rana muke roƙo. Wajen azahar ta leƙo ta ba mu abin da ya ishe mu. Malam Sambo ya hau keke da takardar tana ɗigar ruwa, ya kai wa malamin gabas. Kafin la'asar an rubuta Tanko Baduku.

Shi ya sa kuke gani kafin in ja kowane layin iyaka sai na ƙirga gidaje a tsohuwar taswira, in na gama in sake ƙirgawa a sabuwa. Shi ya sa kuma aka ɗauke ku, don tun daga ran nan duk inda awo ya kai ƙofar zaure ya tsaya, mace ake nema. In an aike ku, ku auna da tef yadda aka koya muku, ku rubuta abin da kuka gani. Amma kada ku fito ba ku zauna kun sha ruwa ba, don matar gida ta san abin da tef bai sani ba.

Ranar zaɓe ban je ba, ba wurinmu ba ne. Washegari ina shirya tebur sai na ji sallama da ƙarfi. Ga Baba Tanko a bakin taga cikin babbar riga, fuska kamar an yi masa albishir da jika. Ya turo mini ɗan kube na jar fata, daidai tsawon alƙalamina.

"'Yata, an kayar da mu!"

"Ayya, Baba! Malam Iro bai ci ba?"

"Ina! Wani Alhaji mai goro ya kwashe. Layinsa har ya kai rijiya ya karyo. Namu kuwa, in kina gaba kina iya gaisawa da na ƙarshe ba ɗaga murya." Ya yi dariya har da tari. "Amma malamin ya buɗe littafi ya ce, Tanko Baduku! Na amsa sau biyu don na baya su ji. Iro ya waiwayo, na ce ga ni."

Malam Sambo ya ce, "To, Baba, ba ka ji zafin faɗuwar ba?"

"Zafin me? Jiya a wurin ciyayya ba wanda ya tsira. Wannan an ce ya makara, wancan an ce da goro biyu aka saye shi. Ni kuma aka taso mini, wai farar ƙafa gare ni, da an bar ni a ƙarƙashin layi da Iro ya ci. Har Iron da bakinsa!" Ya share ido da hannun riga. "Malam, rabona da tuwo mai daɗin na jiya, tun kafin a fara maganar zaɓen nan."